Malamin Motsa Jiki a Makarantun Japan: Aikinsa da Hanyar Ƙwarewarsa



Gabatarwa

A galibin ƙasashe, in ana lissafa malaman makaranta, malamin motsa jiki ne akan tuna daga ƙarshe. Jama'a sun ɗauke shi mutum ne mai usur da ƙwallo, wanda ake miƙa wa yara su huce gajiyar lissafi. Wannan lacca za ta duba rayuwar wannan malami a ƙasar Japan, inda aka fi shekara 140 ana horar da shi da gangan domin wannan aiki.

Tambayar da laccar za ta bi guda ɗaya ce: ta yaya ɗan wasa yake zama malami? Dalilin tambayar kuwa shi ne, galibin masu shiga wannan aiki a makarantun sakandare samari ne da 'yan mata da suka yi fice a wani wasa tun suna ƙanana. Wanda jikinsa bai taɓa ƙi masa ba, da wuya ya san halin yaron da ke tsoron ruwa, ko yarinyar da ƙwallo ke kuɓuce mata kullum. Amma irin waɗannan yara su ne suka fi bukatarsa, kuma da su ne ake auna ƙwarewarsa. Za a nuna cewa Japan ta gina hanya mai kyau ta kai malami ga wannan ƙwarewa, sa'an nan ta ɗora masa wani kaya da ke hana shi bin hanyar.

Kafin a shiga, ya kamata a san fasalin makarantun. Tun 1947 Japan take bin tsarin shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare, 4 a jami'a, watau irin tsarin da Nijeriya ta ɗauka a manufar ilminta ta 1977. Shekarar karatu tana farawa a watan Afrilu. A firamare, galibi malamin aji ne yake koyar da motsa jiki tare da sauran darussa. A sakandare kuwa akwai malami na musamman, kuma darasinsa haɗe yake da ilmin kiwon lafiya. Wannan malami na sakandare shi ne za a fi mai da hankali a kansa.

Asalin Aikin

Dokar ilmi ta 1872, wadda ta kafa makarantun zamani a Japan, ta sa motsa jiki cikin darussa, amma babu masu koyar da shi. Saboda haka a 1878 gwamnati ta buɗe makarantar horar da malaman motsa jiki a Tokiyo, ta gayyato wani likita Ba'amurke, George Leland, ya koyar a cikinta. Shi Leland lafiyar yara ya sa a gaba. Ba a daɗe ba sai aka sauya alƙibla. Mori Arinori, wanda ya zama ministan ilmi na farko a 1885, ya shigo da atisaye irin na soja cikin makarantu. A 1925 aka fara tura hafsoshin soja makarantun samari su riƙa ba da horo. Daga nan har ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu filin makaranta ya zama kusan filin fareti, malamin motsa jiki kuma mai ba da oda.

Akwai kuma wata jijiya ta biyu. Kano Jigoro, wanda ya kafa wasan judo a 1882, ya yi shekaru masu yawa yana shugabancin Babbar Kwalejin Horon Malamai ta Tokiyo, wadda daga zuriyarta Jami'ar Tsukuba ta fito a 1973. A wurinsa wasa hanya ce ta tarbiyya, malamin wasa kuma malami ne cikakke.

Da aka ci Japan da yaƙi a 1945, an hana atisayen soja da wasannin faɗa na gargajiya a makarantu. Judo bai koma ba sai 1950. Dokar makarantu ta 1947 ta haramta dukan ɗalibi a sashenta na 11. Gyaran manhaja na 1977 ya ƙara matsawa gaba, ya ce manufar darasin ita ce yaro ya ji daɗin motsa jiki, ya kuma riƙe shi har tsufansa. To, amma doka takan sauya a yini guda, ɗabi'a kuwa takan daɗe. Malamin yau ya gaji jijiyoyin nan biyu, ta mai ba da oda da ta mai tarbiyya, kuma har yanzu suna ja-in-ja a cikin aikinsa.

Shiga Aiki

Mai son wannan aiki yakan yi shekara 4 a jami'a, ya karanci ilmin sassan jiki da hanyoyin koyarwa, ya yi makonni kaɗan na gwajin koyarwa a wata makaranta, sa'an nan ya sami lasisin malanta. Amma lasisi ba aiki ba ne. Hukumomin ilmi na larduna 47 da na wasu manyan birane su ne suke ɗaukar malamai, kowace da jarrabawarta. Ban da rubutu da ganawa, mai neman wannan gurbi yakan yi gwajin jiki a wasanni dabam-dabam, domin gwanin gudu ma sai ya nuna ya iya abin da ba fanninsa ba. Masu neman gurbin motsa jiki suna da yawa, saboda haka da dama sukan yi shekaru suna koyarwa a matsayin malaman wucin gadi, suna sake zama jarrabawar duk shekara.

Wanda ya ci yakan yi shekara guda a matsayin gwaji. Tun 1989 aka fara aiwatar da dokar horon sabon malami. Ma'aunin da ma'aikatar ilmi ta ba da a matsayin misali shi ne kimanin awa 300 na horo a cikin makaranta, ƙarƙashin wani tsohon malami da aka ɗora wa alhakinsa, da kimanin kwana 25 a cibiyar horo ta lardi. Duk wannan yana gudana ne alhali sabon malamin yana riƙe da azuzuwansa. Bayan kimanin shekara 10 akwai wani horon na tsakiyar aiki.

Wani abin lura shi ne, malamin makarantar gwamnati ma'aikacin lardi ne, ba na makaranta ɗaya ba. Bayan 'yan shekaru akan yi masa canjin wurin aiki a farkon Afrilu. Wanda ya saba da makarantar birni mai ɗakin wasanni da tarin kaya sai ya tsinci kansa a wata ƙaramar makaranta a tsibiri ko cikin duwatsu, inda yaran aji ba su isa a raba su gida biyu a buga ƙwallo ba. Wannan juyi kansa makaranta ne, domin dabarar da ta ci a can ba lalle ta ci a nan ba.

Yinin Malami

A ƙaramar sakandare kowane aji yana da darasin lafiya da motsa jiki sau 105 a shekara, watau sau 3 a mako, kowane na minti 50. Manhajar tana da faɗi: guje-guje da tsalle-tsalle, wasannin ƙwallo, wasan alkafura da lilo a kan ƙarfe, ninƙaya, da darasin lafiya a cikin aji. Tun 2012 aka wajabta wa maza da mata na aji 1 da 2 rawa da ɗaya daga wasannin faɗa na gargajiya, kamar judo, ko kendo, watau wasan takobin gora, ko kokawar sumo. Ke nan ƙaton da ya yi rayuwarsa a filin ƙwallon kwando dole ya koyi rawa, ya kuma koyar da ita.

Ninƙaya tana da tarihinta. A watan Mayu na 1955 jirgin fito mai suna Shiun Maru ya nutse, mutum 168 suka mutu, 100 daga cikinsu 'yan makaranta ne da ke tafiyar buɗe ido. Wannan masifa tana cikin dalilan da suka sa aka dage da gina wuraren ninƙaya a makarantu. Malamin motsa jiki ne yake ɗauke da nauyin ran kowane yaro da ya shiga ruwan.

Koyarwa kuwa rabin aikin ne. Sau da yawa shi ne uban wani aji, yana kiran suna da safe, yana cin abincin rana tare da yaran a inda makaranta ke ba da abinci, yana tsayawa a kansu lokacin shara, domin a Japan ɗalibai ne suke share makarantarsu. Shi ne yake shirya bikin wasanni na shekara, yake kuma auna ƙarfin jikin yara. Daɗin daɗawa, an saba ɗora masa sha'anin ladabtarwa, saboda ana ganin yana da murya da ƙira. Duk yaron da ya gagara, wajensa akan nufa da shi. Bayan an tashi kuma sai kulob, wanda za a zo kansa.

Inda Ake Samun Ƙwarewa

Kwasa-kwasan hukuma suna da amfaninsu, amma ba su ne gishirin miyar ba. Hujja a nan ita ce, a 2009 gwamnati ta fara aiwatar da dokar sabunta lasisi duk shekara 10, bayan kwas na awa 30 da malami yake biya daga aljihunsa. Malamai suka yi ta kukan ɗawainiyarsa ta fi amfaninsa, har aka soke shi a watan Yuli na 2022.

Abin da ya daɗe, tun ƙarni na 19, shi ne al'adar da suke kira jugyo kenkyu, watau nazarin darasi. Ga yadda take. Malamai sukan zaɓi wata matsala guda, alal misali yadda a wasan ƙwallon raga yara uku ko huɗu suke cinye wasan, sauran suna tsaye kamar turaku. Sukan yi makonni suna rubuta shirin darasi ɗaya tare, suna hasashen inda yara za su tuntuɓe. Ranar da aka sa, ɗayansu ya koyar, sauran su jeru a gefen fili da takarda a hannu. Wani yakan bi yaro ɗaya tak daga farko har ƙarshe, yana rubuta sau nawa ya taɓa ƙwallo. Wani yana riƙe da agogo, yana auna mintin da yara suka yi suna motsi, da wanda suka yi a layi suna jira, da wanda malam ya cinye da bayani. Bayan an tashi sai a zauna. Wanda ya koyar ne yake fara magana, ya faɗi inda yake ganin ya gaza, sa'an nan sauran su kawo abin da suka gani. Sau da yawa akan gayyato malamin jami'a ko jami'in hukumar ilmi ya rufe zaman.

Hikimar abin a fili take. Malamin da ya tabbata darasinsa ya yi armashi, saboda gwanaye sun yi ta shewa, sai a nuna masa a rubuce cewa wata yarinya ba ta taɓa ƙwallo ko sau ɗaya ba. Gani ya kori ji. Tun da shirin na kowa ne, ba a kama shi shi kaɗai da laifi, don haka yana iya karɓar gyara ba tare da jin an tozarta shi ba. Marigayi Takahashi Takeo na Jami'ar Tsukuba da abokan aikinsa sun ƙara da wata 'yar takarda mai tambaya 9 da yara suke cikewa bayan darasi, kan ko sun koyi sabon abu, ko sun ji daɗi, ko sun taimaki juna. Da haka su ma yaran suka sami baki a cikin shari'ar.

Ban da abin da ake yi a makaranta, akwai ƙungiyoyin nazari da malamai suke kafawa don kansu, suna haɗuwa da maraice ko lokacin hutu. Misalai biyu za su nuna irin abin da ya fito daga cikinsu.

Na farko, wata ƙungiya da Tange Yasuo ya jagoranci kafawa a 1955 ta duba dalilin da ya sa yara da yawa suke gama darasin ninƙaya ba su iya ba. Tsohuwar hanya takan fara da bugun ƙafa, a bar numfashi sai daga baya. Malaman suka lura cewa abin da ke tsai da mai koyo shi ne tsoron rashin iska. Sai suka juya tsarin: yaro ya fara koyon fesar da iska da ƙarfi da zarar bakinsa ya fito, ya saki jiki ya yi lamo a kan ruwa, hannu da ƙafa su biyo baya a hankali. Wannan hanya, da suke kira doruhira, ta sa yaran da aka yanke wa ƙauna suna yin nisa a ruwa.

Na biyu, akwatin tsallake, wanda yaro yake rugowa ya dafa ya haye. Da can in yaro ya kasa, sai a ce ya ƙara gudu, ko a ce tsoro ne. Mukoyama Yoichi, malamin firamare a Tokiyo, ya yaɗa wata dabara a shekarun 1980: yaron da ke kasawa bai taɓa jin yadda nauyin jiki yake komawa kan hannuwa ba. Saboda haka a zaunar da shi a kan akwatin kamar mai hawan jaki, ya dafa bakin akwatin, ya tura kansa ya sauka, har jikinsa ya gane. Daga nan sai a haɗa da gudu, malam yana tallafa masa.

Abin da ya haɗa misalan nan shi ne, duka biyun sun taso ne daga kallon yaron da ya kasa, da tambayar mene ne ainihin abin da ya tsai da shi. Ranar da tsohon ɗan wasa ya fara yin wannan tambaya, maimakon ya ce yaron rago ne, ran nan ya fara zama malami. Amma kallo da tambaya da zaman shawara duka lokaci suke ci.

Taura Biyu

Lokacin kuwa yana tafiya ne wajen bukatsu, watau kulob ɗin bayan tashi daga makaranta. A takarda, shigarsa ganin dama ne ga ɗalibi, kuma ba ya cikin jadawalin darussa. A aikace, yawancin 'yan sakandare suna ciki, kuma an daɗe ana sa ran kowane malami zai riƙe kulob ɗaya. Shekara da shekaru an saba yin atisaye da sassafe, da maraice, da Asabar da Lahadi, har da lokacin hutu. Gasar besbol ta manyan sakandare, wadda aka fara a 1915, ake kuma yi a filin Koshien, ƙasa duka take kallo a talabijin. Malamin da ya kai yaransa can sunansa ya fita. Wanda ya koya wa yaro mai tsoro ninƙaya kuwa, abokan aikinsa kaɗai suka sani.

Binciken da Ƙungiyar Wasanni ta Japan ta fitar a 2014 ya nuna kusan kashi 46 cikin 100 na masu riƙe da kulob ɗin wasanni a ƙananan sakandare ba malaman motsa jiki ba ne, kuma ba su taɓa yin wasan da aka ba su ba. Ke nan malamin motsa jiki, ban da nasa kulob, shi ne madogarar sauran, shi ne kuma akan nema wajen alƙalanci da shirya gasa.

Alƙaluma sun nuna nauyin. A binciken ƙasa da ƙasa na ƙungiyar OECD na 2013, malamin ƙaramar sakandare a Japan yana aikin awa 53.9 a mako, alhali matsakaicin ƙasashen da aka auna 38.3 ne. A na 2018 ya kai awa 56, kuma 7.5 daga ciki na ayyukan bayan darasi ne. Binciken ma'aikatar ilmi na 2016 ya gano kusan 6 cikin 10 na malaman ƙananan sakandare suna aikin awa 60 ko fiye a mako, watau sun kai iyakar da hukumomin ƙasar suke ɗauka a matsayin haɗarin mutuwa saboda yawan aiki.

A nan ma'aikatan gwamnati za su so su lura da tushen abin, domin a cikin doka yake. Wata doka ta 1971 ta ce ba za a biya malamin makarantar gwamnati kuɗin aikin bayan lokaci ba, sai dai a ƙara masa kashi 4 cikin 100 na albashinsa. An ɗauko wannan adadi ne daga binciken 1966, lokacin da ƙarin aikin bai wuce kimanin awa 8 a wata ba. Tun da awowin kulob ba sa ƙara wa baitulmali nauyi, in ban da ɗan alawus na ranakun hutu, babu wanda ya damu ya ƙirga su. Aiki ya yi ta ƙaruwa, kashi 4 kuwa ya tsaya inda yake fiye da shekara 50.

Ɓarnar ba ta tsaya ga gajiya ba. A inda cin kofi ya zama ma'auni, tsohuwar ɗabi'ar filin fareti takan farfaɗo. Uchida Ryo na Jami'ar Nagoya ya tattara bayanan da suka nuna ɗalibai fiye da 100 sun mutu a sanadin judo a makarantu tsakanin 1983 da 2011, galibinsu a kulob. A watan Disamba na 2012, kyaftin ɗin ƙwallon kwando na wata babbar sakandare a birnin Osaka ya kashe kansa bayan dukan da mai horar da su, wanda malamin motsa jiki ne, ya riƙa yi masa. An kori malamin, kotu kuma ta same shi da laifi. Da ma'aikatar ilmi ta bincika ƙasa baki ɗaya, sai ta sami rahoton duka 6,721 a shekarar karatu ta 2012, shekara 65 bayan doka ta haramta shi.

Gyaran da Ake Yi

Daga nan gyara ya fara, sannu a hankali. A 2017 aka halatta wa makarantu ɗaukar masu horarwa daga waje, waɗanda za su iya riƙe kulob su kai yara gasa ba tare da malami ba. A 2018 Hukumar Wasanni ta ƙasa ta ba da ƙa'ida: hutun kwana 2 aƙalla a mako, atisaye kada ya wuce kimanin awa 2 a ranar makaranta, awa 3 a ranar hutu. A 2019 aka sa iyakar ƙarin aiki awa 45 a wata, 360 a shekara. Daga 2023 aka shiga mai da kulob ɗin ranakun hutu na ƙananan sakandare hannun ƙungiyoyin unguwa. A 2025 kuma majalisa ta gyara dokar 1971, ta yadda kashi 4 zai riƙa hawa har ya kai kashi 10 a 2031.

Gyaran bai rasa masu suka ba. Ƙauyuka ba su da isassun masu horarwa. Iyaye marasa ƙarfi suna tsoron kuɗin da ƙungiyoyin waje za su nema, alhali kulob ɗin makaranta kusan kyauta ne. Wasu malaman motsa jiki kuma don kulob suka shiga aikin tun farko, suna ganin an raba su da abin da suka fi so. A ɗaya gefen, malamai da yawa suna cewa ƙarin kashi ba ya rage awa ko ɗaya.

Kammalawa

An ga cewa malamin motsa jiki a Japan yana ƙwarewa ta hanya uku: tsohon malami da ke riƙe hannunsa a shekarar farko, canjin makaranta da ke tilasta masa sabunta dabara, da idon abokan aiki da ke nuna masa yaron da bai gani ba. An kuma ga cewa kulob, da dokar albashin da ta bar awowinsa babu lissafi, sun cinye lokacin da wannan ƙwarewa take bukata. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma Japan ta yi shekaru tana neman malami ɗaya ya tauna su.

Ga ɗalibai masu shirin koyarwa, abin ɗauka shi ne tambayar nan ta malaman ninƙaya: mene ne ainihin abin da ya tsai da wannan yaro? Ga ma'aikatan da ke tsara ayyukan malamai kuwa, kafin a shirya wani sabon kwas, ya kamata a fara ƙirga awowin da malami yake da su, a kuma duba ko an bar masa sa'a guda a mako da zai shiga darasin abokin aikinsa ya zauna ya kalla.

A nan laccar ta tsaya.